Facin Jirgin Muntasir

Setapak, Kuala Lumpur
Yuli, 2021

Yaya Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Iya da ƙafar tata? Ya yara, ya makaranta? Mu nan lafiya lau, sai dai dokar kulle da ta mayar da mu kamar kaji a akurki. Adnan yana gaishe ki da Turanci, don Hausar tasa ta tafi hutu.

Kin ce in riƙa rubuto miki tunda waya yankewa take yi, to yau da magana na zo. Jirgin ruwan ƙaninki ya yi hatsari. Kada gabanki ya faɗi, babu kowa a ciki. Yana ɗaure ne a ƙauyen masunta na bakin teku, inda yake tun da korona ta hana shi kai ɗalibai kamun kifi ran Asabar. Aka yi ruwa da iska, igiya ta tsinke, jirgin ya yi ta dukan turakun gada har cikinsa ya fashe, bayansa ya nutse da inji da komai.

Pak Rahim ne ya kira mu, dattijon da ke duba masa jirgin. Abban Adnan ya zari makulli zai fita, na tuna masa 'yan sanda sun tare hanya, ba a barin unguwa sai da takardar izini. Ya koma ya kira kamfanin inshora. Suka ce kada a gyara komai sai mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya gani da idonsa. Yaushe zai zo? Sai abin da kulle ya ce.

Bai ko yi tunanin gaya wa Pak Rahim haka ba, don wa zai zaci mutane za su fito cikin annoba su yi wa baƙo aiki kyauta? To sun fito. Gayya suka yi, irin tamu ta gona. Suka janyo jirgin tudu, suka kwashe laka, suka yi wa ramin faci, har fenti suka shafa. Sai ga hoto Pak Rahim ya turo, jirgi na ƙyalli kamar yau aka saye shi, shi kuma yana tsaye a gefe ya ɗaga babban yatsa. Abban Adnan ya tambaye shi ko sun ɗauki hoton ramin kafin su toshe. Tsohon ya yi dariya ya ce suna cikin ruwa har wuya, wa ya tuna da hoto?

Yaya, ban taɓa ganin alheri ya sa mutum ya dafe kai ba sai ranar. Injin ya sha ruwan gishiri ya mutu, kuma inji shi ne jirgin. In kamfani ya zo ya ce bai ga ɓarna ba, shi ke nan, an bar mu da kwanon wanka mai fenti. Kin fi ni sanin gonar da aka sayar aka sayi jirgin nan.

Ba ya cin abinci. Jiya har shinkafar nasi kandar na sa aka kawo masa daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, ya juya cokali ya ture. Bai san na rubuto miki ba.

Ki gaida Iya da kowa da kowa.

Taki,
Zuhra

Gumel
Yuli, 2021

Zuwa ga matarmu Zuhra,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta, na sake karantawa. Da farko mu gode wa Allah da ba a rasa rai ba.

Ban gaya wa Iya ba, kuma ke ma kada ki gaya mata in kun yi waya. Hawan jininta bai daɗe da sauka ba. Har gobe in aka ambaci gonar Baba sai ta kama jan carbi.

Kin san matsayina tun ranar da Muntasir ya ce a sayar da kasonsa. Na ce masa mutumin da ko a kududdufin bayan gari bai taɓa iyo ba, me ya haɗa shi da teku? Bai ji ba. Amma wannan ya wuce, ba zan tayar da shi yanzu da yake cikin damuwa ba, kuma na ambata ne a nan kawai tsakanina da ke.

Shawarata ita ce ya rubuta wa kamfanin abin da ya faru yadda ya faru, ya sa sunan dattijon da lambarsa. Sannan ya kira mutanen nan ya yi musu godiya ta sosai. Na san halinsa, in ransa ya ɓaci godiyarsa gajeruwa take yi.

Ke kuma kada ki bar karatunki saboda jirgi. Ki matsa masa ya ci abinci, ko kunu ne. Adnan kuma a riƙa yi masa Hausa, ba na son ranar da zai zo gida a nemo mana tafinta.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan annoba.

Yayarku,
Ruƙayya Na'Allah

Setapak
Agusta, 2021

Yaya,

Salam. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwar a taƙaice take.

An sa rana. Mai ƙiyasin zai je ƙauyen ran Alhamis mai zuwa, kuma an ba Abban Adnan takardar wucewa shingen 'yan sanda. Da murna ya kamata in rubuto, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Akwai wani abokinsa Ashafa, na Bukit Jalil, mai nema wa ɗalibai gidan haya da tikitin jirgi. Irin mutanen nan ne da babu matsalar da ba su da maganinta, in dai ba tasu ba ce. Tun da ya ji labari kullum suna kan waya. Ina kicin na jiyo shi, don a lasifika aka sa shi, yana cewa, "Bros, wannan ai simple ne lah. Ka riga mutumin zuwa, ka sa guduma ka buɗe facin, ka watsa laka. Ramin nan fa da gaske ya faru, ba ƙarya ka yi ba, mayar da shi kawai za ka yi yadda yake."

Na fito na ce wa Abban Adnan wannan zamba ce, kuma a ƙasar nan baƙo ba ya zamba ya kwana a gidansa. In aka gane, ba jirgi kaɗai za mu rasa ba, shi za a ɗaure, ni a kore ni da digirin da ban ƙarasa ba. Ya ce in bar shi, ba na gane harkar inshora. Kamar shi ya gane!

Shekaranjiya ya ce zai sauka kedai, kantin unguwa, ya sayo burodi. Ya dawo da burodi, da wata leda da ya tura ƙarƙashin gado. Na duba, Yaya. Guduma ce sabuwa, ko takardar farashi ba a ɓare ba.

Tsoro nake ji. Mijina ba macuci ba ne, kin sani, amma kunya ce take cin sa. Ya ce ba zai iya sauka Gumel ya kalli Iya ya ce mata gonar Baba ta nutse a teku ba. Na yi magana har na gaji. Ke kaɗai ce in kin yi tari yake gyara zama. Ki rubuto masa, ko da zai yi fushi da ni.

Taki,
Zuhra

Gumel
Agusta, 2021

Muntasir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Iya tana sa maka albarka.

Na san komai, har ledar da ke ƙarƙashin gado. Kada ka yi wa Zuhra faɗa, ni na ce ta riƙa gaya mini.

Ba zan yi maka wa'azi ba, makarantar allo ɗaya muka yi, abin da na sani ka sani. Kuma daga nan ba zan iya riƙe hannunka ba. Abu ɗaya nake nema a wurinka. Aikin da ke jikin jirgin nan ba naka ba ne, na waɗanda suka yi gayya ne. A gidanmu ba a rushe aikin gayya a ɓoye. In ka yanke shawarar fasawa, ka fara sallama a ƙofar dattijon nan, ka zauna, ka dube shi ka ce masa, "Facin da kuka yi mini zan fasa, kuma ina so in mai ƙiyasi ya tambaye ku ku ce ba ku taɓa jirgin ba." In bakinka ya iya furta wannan, to ka je ka yi abin da ka ga dama.

Maganar Iya kuma, ka bar mini ita. In jirgi ya tafi, ni zan gaya mata, kuma zan zauna kusa da ita har ta huce. Ba kai kaɗai ta haifa ba.

Allah ya yi maka jagora.

Yayarka,
Ruƙayya

Setapak
Satumba, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar girmamawa, ki miƙa mini gaisuwa wurin Iya. Ki gafarce ni da na yi shiru, jira nake takardar kamfani ta fito in rubuto miki gaba ɗaya. Jiya ta fito.

Ba zan ɓoye miki ba, da gudumar na tafi. Wasiƙarki ta ba ni haushi, na ce a raina ai faɗar magana ba wuya, zan faɗa masa in wuce wurin. Na yi sammako, na isa ƙauyen rana ba ta yi zafi ba. Na sami Pak Rahim a bakin gada yana ɗinkin koma. Ya rame ƙwarai, takunkumi ya yi masa yawa a fuska. Ya ce, "Makan dulu," wato in fara cin abinci. Na ce a ƙoshe nake, magana ce da ni. Ya ce to mu je in ga jirgina tukuna, maganar ta biyo baya.

Muka je. Ya durƙusa ya shafa wurin facin da tafin hannu, ya ce in taɓa in ji ko zan gane inda aka haɗa. Na taɓa, wallahi sumul. Ya ce ƙaninsa ne ya yi, shi ne gwanin faci a duk ƙauyen. Na ce ina yake in gode masa? Sai tsohon ya ba ni labari. Ashe bayan aikin da ɗan lokaci korona ta kama ƙanin, aka tafi da shi asibiti, bai dawo ba. Ko gawarsa ba a ba su sun wanke ba, daga nesa suka tsaya aka binne shi. Ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe, shi ya sa kullum da safe yake zuwa ya duba jirgin.

Sannan ya ɗago ya ce, "Wace magana ce da kai?"

Yaya, jakar gudumar tana rataye a kafaɗata, nauyinta kamar zai karya ni. Na ce masa godiya na zo yi. Na zauna a kan gadar na yi kuka kamar yaro, shi yana bubbuga bayana, yana zaton duk na ta'aziyya ne.

Mai ƙiyasin ta iso da hantsi, ashe mace ce, wata Madam Selvi, ga takunkumi biyu ga tocila. Kafin ta buɗe baki na gaya mata komai game da gyaran, na ce in za a hana ni a hana ni. Ta shiga cikin jirgin ta ɗaga katakon ƙasa, ta kwanta ta haska. Ashe ta ciki facin a fili yake, ta auna tsawonsa da faɗinsa. Ta bi jikin jirgin tana ƙwanƙwasawa tana saurare. Ta nuna mini zanen laka inda ruwa ya tsaya, a lungun da hannu ba ya kaiwa. Ta sa aka buɗe inji, gishiri ya yi fari a ciki. Ta yi wa Pak Rahim da wasu masunta tambayoyi da Malayanci, tana rubutawa.

Da ta gama na tambaye ta ko gyaran ya ɓata mini lamari. Ta ce ceton jirgi daga nutsewa daban, gyaran da kamfani ya hana daban. Da an bar shi a ruwa har zuwa ranar, da laifin sakaci za a ɗora mini. Sai ta ƙara da cewa abin da ba ta yafewa shi ne sabon rami. Ta ce tun da aka shiga kulle ta ga masu fasa jirginsu da hannunsu, kuma bakin sabuwar karaya fari yake tas, ko an shafa masa laka. Waɗannan ba kamfani take kai sunansu ba, 'yan sanda take kai wa. Na nemi wuri na jingina.

Ga abin da takarda ta ce. Za su biya inji, amma a farashin tsoho, ba sabo ba. Jikin jirgin sun ƙiyasta shi ƙasa da yadda na yi zato, don ta gano wani tsohon rauni a gaba da ya riga iskar, ta cire shi. Abin da zai zo zai sayi inji na hannu mai kyau, jirgi ya koma ruwa in an buɗe gari. Har kuɗin aikin ceto suka ware wa masuntan. Na kai wa Pak Rahim maganar ya ce ba su yi don a biya su ba, sai da na roƙe shi ya yarda a ba matar marigayin.

Jiya na ci tuwo har na nemi ƙari, Zuhra tana ta yi mini tsiya wai mai jinya ya warke. Ashafa ya kira yana cewa ai dama ya san za a biya. Na ce masa na gode.

Yanzu kina iya gaya wa Iya. Allah ya bar mana ke.

Ƙaninki,
Muntasir

Gumel
Satumba, 2021

Muntasir,

Wa'alaikumus salam. Alhamdulillahi. Na karanta a ofis, na rufe ƙofa na yi sujada.

Na gaya wa Iya duka, ban rage komai ba. Ba ta tambayi inji ba, ba ta tambayi nawa aka biya ba. Ta ce ran Juma'a za ta yi sadakar waina, kuma tana so liman ya ambaci bawan Allahn nan da ya rasu a addu'a. Ta ce in karanto mata sunansa. Na duba wasiƙarka daga sama har ƙasa, ba ka rubuta ba.

Ka kira dattijon yau ka tambaya, sunan marigayin da na mahaifinsa. Iya tana jira.

A gaida Zuhra da Adnan.

Yayarka,
Ruƙayya