Wane Abba Kuke Nufi a Birchi?

Zuwa ga shugaban tawagar likitocin da suka ɗebi jinin yara masu tamowa a Birchi,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, kai da mutanenka. Ni uwa ce, ɗana yana cikin yaran da kuka ɗebi jininsu bayan Sallar layya, kuma tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Na farko. Ran da kuka zo, ma'aikacinku ya yi mana bayani da Hausa, ban manta ba. Ya ce za ku auna wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa. In ya yi ƙasa ƙwarai, jikin yaro ya cinye ajiyarsa ke nan, rayuwarsa na cikin haɗari ko da a ido an ga kamar yana murmurewa. Muka yarda, muka miƙa hannuwan 'ya'yanmu.

Na biyu. Da aka zo rubuta suna, ban iya faɗa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, ga tsohon zaune a gindin bishiya yana jina. Wace mace ce a nan za ta buɗe baki? Maƙwabciyata ta ce a rubuta Abba, aka rubuta. Ba a tambayi sunan uba ba, ba a ba mu kati ko lamba ba. Ashe mu uku muka yi haka a layin nan.

Na uku. Sati uku da suka wuce ma'aikaciyar lafiyarmu ta zo da saƙonku, cewa leptin ɗin Abba ya yi ƙasa sosai, a kai shi Dutsin-Ma da gaggawa. Wane Abban? Ita ma ba ta sani ba. Muka kwashi yaran uku muka je, aka ce kun tashi, takardun suna hannunku. Aka auna dantsensu, igiyar awon ta nuna ruwan ɗorawa, wai ba su kai a kwantar da su ba, aka sallame mu.

Na huɗu. Ranar Talata ɗaya daga cikin ukun ya rasu. Mata suna ta ce mini in kwantar da hankalina, ai shi ake nufi. Wallahi na tsinci zuciyata tana fatan haka a gidan gaisuwa, ina riƙe da hannun uwarsa, na ji kunyar kaina. Amma idan ba shi ba ne fa? Nawa kwana biyu ke nan yana ture abincin tamowa na ledar nan da yake wawura a da. Ya daina kuka ma, sai kallo.

Ina roƙon ka, likita, ka buɗe takardunku ka duba shekaru da nauyi, ka gaya mana wanne ne. In ba za a gane ba, ku dawo ku sake ɗibar jinin biyun da suka rage. Gaba kuma ku riƙa ba kowace uwa lamba, don matan ƙauyukan nan ba za su faɗi sunan ɗan fari ba.

Nawa shekararsa biyu da wata ɗaya, yana da tabon ƙuna a ƙafar hagu. Sunansa Sulaimanu Haruna. Tun ran suna bai taɓa fita daga bakina ko hannuna ba sai yau. Don Allah ka duba.

Allah ya tsare ka, ya raya maka naka, kada ya nuna maka irin wannan jira.

Wassalam.

Uwar yaron, daga Birchi.