Mayafina da farantan Gulma

Laraba da dare, Birnin Kebbi

Na dawo daga Gulma ƙafafuna kamar ba nawa ba. Takardun kamfanin hasken ranar nan har yanzu suna ƙarƙashin filo, suna ta yi mini alkawarin kuɗin sallamata za su haihu in na sa jari. Gumin shekaruna gaban allo ke nan, in miƙa wa mutanen da ban san iyayensu ba?

Mama Ngozi mai shagon kayan wuta ce ta tayar da ni. Ta ce, "Malama, takarda ba ta jin kunyar ƙarya. Je ki dubi farantansu na zuƙar hasken rana. Kamfanin da aljihunsa ya fara ciwo, mai wanke farantan yake fara sallama."

Na tafi Gulma ba sanarwa. Farantan na jere bakin fadama, rana na faɗuwa bisansu, sai ka ce wani gulbi anka shimfiɗa kan ƙarfe. Injinan ban-ruwa na aiki ba ƙara ba hayaƙi, albasa kore shar. Na tsaya ina mafarki ido buɗe: Argungu duk haske, masunta da ƙanƙararsu, jikokina na faɗa wa mutane Kaka na da hannun jari a rana.

Da ƙyar na tuna abin da ya kai ni. Na faki ido na goge faranti guda da gefen farin mayafina.

Ga shi nan rataye. Sau uku ina haska shi da tocila, don an ɗauke wuta. Fari fat, ko ƙura babu.

Gobe zan sa rabin kuɗin. Sauran rabin sai mayafin ya sake zuwa Gulma bayan damina.