Ni Na Tsinke Furen, Minas Ke Shan Yabo

Kyra Aspasia, ki taimake ni don Allah, amma kada ki buga sunana. Da ma jaridarku ba ta isowa ƙauyenmu na tsibirin Karpathos, nan ƙasar Girka, sai an naɗo kifi a ciki, shi ya sa na samu ƙarfin halin rubuto miki.

Shekarata sittin da shida, matata ta rasu shekara tara ke nan. Sana'ata ita ce jan baƙi masu yawon ƙafa a kan duwatsu. Duk Afrilu da Mayu Jamusawa da 'yan Holan sukan zo da sandunansu bibbiyu, in shige gaba suna haki a baya, su durƙusa gaban ciyawar da awakinmu ma ba sa kallo suna ɗaukar hoto. Abin da ya fi kawo su shi ne wani farin fure mai faɗin tafin hannu, ana ce masa peoni. A yankinmu wuri ɗaya kawai yake fitowa, can ƙarƙashin wani tsauni, tafiyar awa uku. Ni na kafa allon da ya hana taɓa shi. Na taɓa sa wata farfesa kuka saboda ta karya ganye ɗaya.

To, akwai Malama Evdokia, mai gidan da baƙin nawa ke karya kumallo. Ita ma mijinta ya rasu. Shekara huɗu ina shan gahawa a gidanta, ban taɓa gaya mata komai ba sai labarin iska da farashin man zaitun. Bana da ɗaya ga Mayu ta zo, ranar da kowa ke saƙa kambin furanni ya rataye a ƙofa, sai na tuna yadda muna samari muke rataye wa 'yan mata namu a ɓoye. Shaiɗan ya hau kaina. Na haura dutsen, na tsinke furen nan tas, guda goma sha ɗaya, na saƙa kambi na rataye mata tana coci.

Washegari na kai Jamusawa goma sha huɗu wurin, muka tarar da kara tsirara. Kunya ta sa na fi kowa ihu. Na tsine wa ɓarawon da Girkanci, na maimaita da Jamusanci, na rantse gaban limamin cocinmu, Fada Nektarios, cewa sai na tona shi. Yanzu ƙauye ya naɗa ni shugaban masu bincike.

Abin da ke hana ni cin abinci shi ne Minas, tsohon kukun jirgin ruwa, mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya gama hawa matakalar coci. Aka fara raɗe-raɗin shi ne, shi kuma bai musa ba. In an tambaye shi sai ya murza gashin baki ya ce namiji ba ya tona sirrin zuciyarsa. Maza na zaginsa, mata na cewa ashe har yanzu akwai masu soyayya. Evdokia kuwa, a gabana take ɗora masa zuma a kan cuku, ta waiwayo ta tambaye ni wai ina aka kwana a binciken. Ta ce ranar bikin Waliyyi Yahaya, da za a ƙona kambunan a wuta, da mai kambin nan za ta yi rawar farko. Saura kwana goma sha biyu.

In na yi magana, mutuncina na shekara talatin ya zube, wataƙila baƙin ma su daina nemana. In na yi shiru, wannan tulun ya tafi da ita da furena. Ina son matar nan, Kyra Aspasia, yau ne karo na farko da na faɗa, kuma ga takarda na faɗa wa. Yaya zan yi?

Jagoran da ya ɓata hanya

Malam Jagora,

Na yi dariya har sai da na cire tabarau, amma bari mu fara da laifin. Ka yi ɓarna, kuma ka fi kowa sanin girmanta. Mutum goma sha huɗu sun ƙetaro teku sun haura dutse don su kalli kara. Sa'arka ɗaya ba ka tumɓuke saiwar ba, furen zai dawo baɗi. Tsoron da kake ji game da sunanka ma ba na banza ba ne, ƙauye zai yi shekara yana yi maka dariya. Sai dai mutane sun fi saurin yafe wa dattijon da so ya ruɗa, a kan shugaban bincike da aka kama yana neman kansa. Ka je wurin Fada ka sauke wannan muƙami, ka faɗi gaskiya da bakinka, ka rubuta wa baƙin nan ka ba su haƙuri. Minas kuma ka ƙyale shi, bai saci komai ba, abin da ka yar ya tsinta.

Amma kafin Fada, ka fara da Evdokia. Matar da aka haifa a gindin dutsen nan ta san tafiyar awa nawa ce zuwa wurin furen, ta kuma san ƙafafun kowane namiji a ƙauyenku. Kana tsammanin ta yarda Minas ne? Zumar nan ba don shi ake zuba ta ba, don kai ake yi, ka gani ka ji zafi. Ta gaji da labarin man zaitun, ta sa maka wa'adi.

Kada ka jira ranar biki. Gobe da hantsi ka sa riga mai tsabta, ka je hannu rabbana, ko ganyen na'ana'a kada ka tsinko. Ka ce mata kai ne, ka kuma gaya mata dalili, don dalilin take jira. Wataƙila ta ce a'a, wannan haƙƙinta ne. Amma in ka yi shiru, kai ka ce a'a a madadinta.

Allah ya ba ka sa'a, ya kuma ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi, don ina jin akwai rawa a gabanka.

Aspasia