Sabon Kwaɗo a Gidan Mama

Kos, Laraba

Yaya Stamatis,

An canza kwaɗon gidan Mama a Emborios. Jiya na gani da idona.

Ina fatan kana lafiya, kai da Froso da yara, kuma gwiwar nan ta bar ka kana barci. Mu nan sai godiya.

Jirgin ruwan fasinja bai tashi ba, sai na bi na 'yan yawon buɗe ido daga Kardamena, wanda ke isa Nisiros da hantsi ya dawo da la'asar. Yarinyar da ke yi musu bayani ta ba su labarin da Kaka ke ba mu, na ƙaton da Poseidon, gunkin teku, ya danne da tsibirinmu, wai nishinsa ne ke fitowa ta bakin dutsen nan mai aman wuta. Ta bi ta kan zamanin Turkawa da na Italiyawa a gurguje. Da ta zo girgizar ƙasar da ta watsa ƙauyenmu, sai ta ce yanzu ana gyara kufai, har akwai gida mai kogon tururi a ƙarƙashinsa da za a buɗe wa baƙi baɗi. "Gidan Diamantis," in ji ta. Diamantis ɗan kawunmu ba shi da gida a Emborios. Riƙon namu Mama ta ba shi.

Da sauran suka gangara ramin dutsen suna toshe hanci saboda warin farar wuta, ni na hau ƙauye. An shafe bangon gidan da farar ƙasa, an yi wa ƙofa fenti, an sassabe gonar zaitun. Maƙwabciyarmu Inna Marigo tana zaune a dakalinta. "Kalliopi ce? Na ɗauka kin mutu ba a kaɗa ƙararrawa ba." Na tambaye ta kwaɗon, sai ta shiga ba ni labarin akuyarta.

Diamantis ya same ni a bakin jirgi, ban san wa ya gaya masa ba. Ya rungume ni. "'Yar'uwa, shigowa kamar mai karɓar haraji? Da kin buga waya da kin ci nama." Ya ce tururi ne ya cinye tsohon kwaɗon. Wannan yana yiwuwa, tururin kan ci ƙarfe. Makullin sabon kuwa wai yana aljihun wani wando. Ya miƙo mini garwar man zaitun kamar kowace shekara, na karɓa.

Aikin jarida ya hana ni zargi ba hujja, don haka gobe zan ga lauya. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Kalliopi

Kos, Juma'a

Yaya Stamatis,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Yaya gwiwa?

Lauya ta yi mini bayani dalla-dalla. Wanda ya riƙe gida da gona shekara ashirin kamar nasa, yana gyara, yana girbi, ba wanda ya ce uffan, yana iya neman kotu ta mallaka masa. Shaidu biyu sun isa fara magana. Mama ta baro tsibiri bayan girbin zaitun na shekarar wasannin Olamfik na Atina. Ka lissafa da kanka, shekara ashirin ke nan.

Man da yake aiko mana, ni da kai mun ɗauke shi hakkin masu gona. Shi zai ce kyauta ce mai gona ke yi wa dangi. Ka san halinmu, ba a neman takarda a hannun ɗan'uwa. Mama ta miƙa masa makulli a ƙofar coci bayan ibada, shi ke nan. Garwar tana ƙofar ɗakin girki, ban fasa ta ba.

Ban ce ya shigar da ƙara ba. Wani direba dai ya ce ya gan shi a nan Kos makon jiya tare da dattawa biyu na ƙauyenmu, cikin kwat ɗin zuwa coci, ranar Talata.

Tunda Mama ta rasu, abin da zai rushe maganarsa shi ne wanda ya ji Mama ta ce riƙo ne. Inna Marigo ba za ta buɗe baki ba, jikanta yana yi masa aiki. Saura Fada Sofronios, wanda ke tsaye a ƙofar cocin ranar. An ce yana raye a gidan tsofaffi a Rodos, kuma hankalinsa na nan. Ban tabbatar ba tukuna.

Taka,
Kalliopi