Ki Riƙe Min Nazifa

Guci, farkon kaka

Zuwa ga Yayata Hinda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Malam Abdulrazak da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan sai godiya. An fara cirar gyaɗa, bana ta yi kyau, har na koma suyar ƙuli-ƙulina.

Na rubuto ne don maganar ba ta wayar salula ba ce. Kin san dangar gidanmu ta kara ce, ko tari ka yi maƙwabta sun ji. Yaya, ƴarki Nazifa ta daina shan magani. Ashe a bayan rumbu take binne ƙwayoyin, kaji suka tono su. Da na tambaye ta sai ta ce lafiyarta lau, ta gaji da maganin ƙarin jinin da ba ya ƙarewa, ƙawayenta na lakwal, makarantar boko, ba mai sha. Shekararta goma sha uku, kuma har yau abin da ta sani ke nan. Ba ta san ciwon da ya tafi da babanta Bawa yana jikina, yana jikinta ba.

Na je likita, asibitin nan na Dungas, na samu Malama Lubabatu. Ba ki san ta ba. Ita aka haɗa ni da ita tun ranar da aka ce min sida ce, wato ƙanjamau. Aikinta bin lafiyarmu: ta tuna min ranar karɓar magani, ta raka ni awon jini, in na kwana biyu ba ta gan ni ba ta hau kabu-kabu ta nemo ni. In za ta shigo gidana da ƙullin turare take zuwa kamar mai talla, don kada a gane.

Ta bar ni na gama kukana, sannan ta ce lokaci ya yi da za a gaya wa yarinya gaskiya, domin wanda bai san abin da ke bin sa ba, ba ya gudu. Na ce da wane baki? Ta ce ba yau ba, kuma ba ni kaɗai ba, za ta zauna kusa da ni.

Ki sa mu cikin addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zulai

Guci, lokacin sanyi

Yaya Hinda,

Sallama irin ta Musulunci. Ya sanyi, ya iyali? Saƙonki na zane ya iso, Allah ya bar zumunci.

Mun faɗa wa Nazifa. Malama Lubabatu ta yi ta zuwa tana jan ta da hira, tana zana mata a ƙasa yadda jini ke da sojojinsa, da yadda magani ke taya su faɗa. Ranar Juma'a bayan azahar muka zauna a ɗaki mu uku. Ni na kira sunan ciwon, Malama ta ce daga bakina ya kamata ya fito.

Nazifa ta ce, "Inna, mutuwa zan yi?" Sai Malama ta zuge jakarta ta fito da kwalbar magani irin tamu sak. Ta ce ita ma shi take sha, da shi ta yi aure, ta haifi yaranta lafiya lau. Yaya, duk zaman da muka yi ban taɓa sani ba.

Sannan yarinyar ta tambayi inda ta samo shi. Na ce daga jikina, tun tana jaririya, lokacin ni ma ban san ina da shi ba. Ta tashi ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Yanzu tana shan maganin, ba fashi. Amma tun ranar ba ta ƙara ce min Inna ba. Tana gaishe ni kamar baƙuwa, ta yi aikinta, ta kwanta ta ba ni baya. In Malama ta zo kuwa sai su shige ɗaki su yi ta magana ƙasa-ƙasa, har dariyarta nakan ji. Allah ya yafe min, na ji haushin baiwar Allahn nan. Na gaya mata a fuska cewa ta raba ni da ƴata. Ba ta yi fushi ba. Ta ce yarinya tana fushi da wanda ta tabbata ba zai guje ta ba, in yi haƙuri. Ina yi, amma gidan ya yi min faɗi.

Ki gaida Malam da yara.

Taki,
Zulai

Guci, cikin bazara

Yayata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida.

Magana ta fita. Maƙwabciyata Amarya ta kai ɗanta likita a Dungas, ta ga mai turaren nan zaune a ɗakin da ake ba mu magani. Kafin ranar kasuwa ta zagayo kowa ya ji. Ƙuli-ƙulina yadda na kai shi haka nake dawo da shi. Wannan bai dame ni ba, ina da gero a rumbu. Amma a lakwal yaran sun daina shan ruwa da moɗar da Nazifa ta taɓa, wadda suke zama benci ɗaya ta koma baya. Nazifa ta bar zuwa. Rannan na same ta tana ƙona kayenta, littafinta na lissafi, a murhu, ita da take cewa malamar lakwal za ta zama.

Malama Lubabatu ta zo, wannan karon ba ƙullin turare. Ta roƙe ni gafara, ta ce zuwanta ya jawo, alhali ba laifinta. Ta je ta ga mushen lakwal, wato malaminsu, ta ga liman, ta shiga gidan Amarya ta sha ruwa ta yi musu bayani. Wasu sun ji. Amma yarinyar ta ce ko za a yanka ta ba ta komawa, kuma ta fara ramewa.

Yaya, na zo da roƙo. Ki riƙe min Nazifa a Damagaram, inda ba wanda ya san ta. Malama ta ce za ta mayar da karɓar maganinta can, ta haɗa ta da wata abokiyar aikinta mai kirki. Ki gaya wa Malam Abdulrazak gaskiya, kada ki ɓoye masa komai. In ya ce a'a, wallahi ba zan riƙe ku a zuciya ba. Ita kaɗai ta rage min, shi ya sa nake son ta tafi.

Ina jiran amsarki.

Zulai

Guci, gab da damina

Yaya Hinda,

Gaisuwa da godiya, Allah ya saka muku da aljanna ke da Malam. Ga Nazifa nan tare da Malama Lubabatu, ta ce ita za ta kawo ta har ƙofar gidanku. Ki karɓe ta kamar yadda za ki karɓe ni.

Jiya da la'asar ina ɗaure mata kaya, ta zo ta zauna kusa da ni, Malama na gefe. Nazifa ta daɗe tana wasa da bakin zanena. Sai ta ce, "Inna, in na tafi wa zai riƙa tuna miki naki?" Ta juya ta sa Malama ta yi mata alkawari ba za ta bar ni in yi fashi ba. Malama ta yi, tana share ido da mayafi. Daga nan yarinyar ta kwantar da kai a cinyata na tsefe mata gashi na yi mata kitso.

Tana shan maganinta bayan sallar magariba. Kada ki tsaya a kanta, ki dai duba da wutsiyar ido. Ba ta son kuɓewa. In ta yi shiru ki ƙyale ta, za ta dawo da kanta. Kuma don Allah, Yaya, kada a ware mata kwano, ta ci da yaranki.

In ta tambaye ki, ki ce ina nan lafiya, ina jiran ruwa ya sauka in yi shuka.

Wassalam. Ƙanwarki har abada,
Zulai