Ƙwaryar Matar Akawu

Zuwa ga autana Idirisu, a wajen haƙar kuza. Duk abin da ke hannunka ka ajiye, ka saurara yanzu. Malam Ashafa ne ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana. Ina gaishe ka, Allah ya ba ka lafiya. Mu ma lafiya, sai tarin nan da ya ƙi sakina tun kaka.

Ka san akawun Bature da aka sauke mana a Limawa, mutumin Lakwaja. To, sun yi sallarsu, Kirsimeti suke ce mata. Wai a garinsu ranar gida-gida ake bi da abin sha. Matarsa ta yi sallama da tulu a ka, ta zuba mini a ƙwaryarta, ta bar mini ita. Tsamiya ce da citta da zuma, na rantse, hancina bai mutu ba. Na yi bisimilla na sha. Maƙwabciyata Rakiya tana nan zaune, ludayi uku ta sha, har tana tambaya ko akwai saura.

Washegari na mayar da ƙwaryar da fura a ciki. Wace 'yar mutunci ce ke mayar da ƙwarya wayam? Shi ke nan laifina. Rakiya ta bi gari tana cewa giya na sha, wai furar kuma alama ce na karɓi addininsu. Rakiyar da na yi wa wankan jego har sau huɗu! Ni da goshina ya yi baƙi da sujada tun ba a haifi uwarta ba.

Yanzu ba mai ɗibar wuta a gidana. Wannan bai dame ni ba. Amma Inna Kellu mai wankan gawa ta aiko wai ba za ta taɓa ni ba. Idirisu, likkafanina yana cikin adaka, tarin nan kuma ba na wasa ba ne. Kana can kana tonon ƙasar Bature, uwarka za a jefa rami ba wanka.

Ka gaida matarka Larai da jikokina. Ka taho, ka yi mini shaida. In ka iso kada ka fara da liman, kada ma ka fara da ni. Ka wuce gidan Inna Kellu da ƙurar ƙafarka, don hannunta ne zai fara taɓa ni.

Ni ce uwarka.