Ganyen da Nana ta kawo wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sa'adu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Mafara lafiya lau.

Albishir zan yi maka: Inna ta yi dariya. Tun rasuwar Baba da ta dawo wurina, daga amsa gaisuwa sai jan carbi.

Ranar Asabar aka ce hanya ta lafa, maigidana ya kai mu gonarsa ta Damri. Ɗiyata Nana ta yi ta tsinko ganyaye tana tambayata sunayensu. Tafasa kaɗai na sani, har kunya ta kama ni. Ta ƙulle su a hijabinta, wai za ta tambayi kakarta.

Da muka dawo na hana ta damun Inna, ba ta ji ba, ta zube su kan tabarmarta. Inna ta ɗauki ɗaya ta sansana, ta ce, "Sabara ce. Ita kakanki ya riƙa saro mini don wankan jego da na haifi kawunki Sa'adu."

Nana ta ce, "Kawu mai gemu ma jariri ne a da?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. Yanzu kullum bayan la'asar suna karatun ganye, ni ma ina zama.

Ka gaishe mini da kowa. Ka taya mu addu'a Allah ya bar hanyar nan lafiya, don Inna ta ce Asabar mai zuwa da ita za a je.

Ƙanwarka,
Balkisu